Wayar Malami: Ina Sirri Ya Tsaya, Ina Amanar Aiki Ta Fara?

Tambayoyin nan su ne waɗanda ke ta dawowa a ɗakin malamai da gindin dogon yaro lokacin tara, duk sa'ad da aka ji wayar wani malami ta ja masa magana. Na tattara su daga shekarun da na yi ina koyarwa a cikin garin Sakkwato da wajensa, da zaman da na sha yi a kwamitin ladabtarwa na makaranta. Na sa musu lamba don a riƙa komawa daga wannan amsa zuwa waccan.

1. Waya tawa ce, da albashina na saya. Ina ruwan makaranta da abin da ke cikinta?

A asali babu ruwanta. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare wa kowane ɗan ƙasa sirrinsa da gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya, kuma takardar ɗaukar aiki ba ta cire malami daga cikin 'yan ƙasa ba. Hoton iyalinka, hirarka da 'yan'uwa, bashin da ake binka, fim ɗin da kake kallo da dare, duk naka ne. Addini ma ya riga doka faɗa, domin aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, ba ta kuma ce ban da malaman makaranta ba.

Ruwan makaranta yana shigowa ne idan abin ya shafi ɗalibi ko ɗalibi ya gan shi ta hannunka, ko ya shafi kayan aiki kamar takardar jarrabawa, ko kuma kai da kanka ka fitar da shi bainar jama'a. Duk rigimar da na taɓa zama a kanta, in aka tone ta, tambaya biyu ce a ƙasa: ta yaya abin ya fito, kuma wa ya taɓa?

2. Shugaban makaranta yana da ikon karɓar wayata ya bincika?

Ba shi da shi. Firinsifal ko hedimasta yana iya hana ka danna waya a aji, yana iya ba ka takardar tuhuma, yana iya kai rahotonka gaba. Buɗe wayarka ya shiga saƙonni kuwa sai da yardarka. In ya nema, ka ce masa cikin ladabi, "Ranka shi daɗe, a rubuto mini abin da ake zargina da shi, zan amsa." Haka abin yake a makarantar kuɗi. Mai makaranta yana iya sa ƙa'idar a ajiye waya a ofis lokacin darasi, in ka sa hannu ta hau kanka, amma albashinsa bai sayi lambar sirrinka ba.

Na san abin da ke hana mutane faɗin haka, tsoron a ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. To akwai hanya ta tsakiya. In zargin a kan hira ɗaya ne, ka buɗe ita kaɗai, waya tana hannunka, a gaban shaidar da kai ka zaɓa, wakilin ƙungiyar malamai ta NUT na makarantarku ko wani babban malami. Kada ka faɗi lambar sirri, kada ka bar wayar ta kwana a ofis.

Wayar da aka raba don aiki da kwamfutar ofis hukuncinsu daban, na masu su ne, suna iya karɓa su duba, don haka kada ka zuba kayanka a ciki. Mu malamai kuma mu yi wa kanmu adalci. Mu ne ke ƙwace wayar ɗalibi mu zauna muna karanta saƙonninsa a ɗakin malamai ana shewa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Dokar makaranta ta ba mu ƙwacewa, ba ta ba mu karantawa ba.

3. 'Yan sanda fa, ko Hisba?

Haƙƙin sirri yana da iyaka, sashe na 45 na kundin ya yarda doka ta taƙaita shi saboda tsaro ko tarbiyyar jama'a ko kare haƙƙin wasu. Sai dai hanyar ta kotu ce. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta tanadi cewa jami'i ya nemi takardar izini daga alƙali don binciken na'ura, kuma a watan Oktoba 2020 Sufeto Janar na lokacin, Mohammed Adamu, ya fito fili ya hana 'yan sanda binciken wayoyin mutane barkatai. Wanda ya tsayar da kai a hanyar Bodinga ya ce "buɗe mu gani" ba shi da madogara, ko wane irin kaki ya sa.

In kuwa an shigar da ƙara a kanka, musamman wadda ta shafi yaro, ana iya riƙe wayar a matsayin hujja, kuma nan ba wurin gardama ba ne. Ka nemi a rubuta cewa an karɓa, ka kira lauya ko ƙungiya kafin ka rubuta jawabi, ka kuma karanta amsa ta 11 kafin hannunka ya kai ga gogewa.

4. Ni ban taɓa tura wa kowa komai ba. Ta ina abin da ke waya yake fita?

Da wuya ka ji an yi wa wayar malami kutse irin na fim. Hannu ne ke miƙa ta. An ɗauke wuta kwana biyu, zafin Afrilu ya kai inda ya kai, batir ya mutu, sai Malam ya kira monita ya ce, "Ungo, kai wagga waya wurin mai caji, ka amso ta in an tashi." Wayar ba makulli, ko kuma makullin zanen nan ne da duk 'yan layin gaba suka haddace tun zangon farko. Daga ƙofar makaranta zuwa rumfar mai caji tafiyar minti biyar ce, Xender kuwa, mai tura hoto daga waya zuwa waya, ba ya neman data, ba ya ma neman minti biyar ɗin.

Sauran hanyoyin su ne mai gyara, da memorin da aka manta a tsohuwar waya, da wayar da aka sayar ko aka ba ƙani ba a wanke ta ba, da WhatsApp da aka buɗe a kwamfutar ofis ko ta shagon buga takardu aka tashi ba a fita ba. Wannan na ƙarshen mugu ne, don kana gida hirarka tana ci gaba da bayyana a can. Ka duba jerin na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinka, wadda ba ka gane ba ka cire ta. Mai gyaran allo ko wurin caji ba ya buƙatar lambar sirrinka, in ya ce sai ya gwada, kai ka buɗe da hannunka. Akwai kuma kuskuren yatsa, saƙon uwargida ya faɗa guruf ɗin iyayen yara. WhatsApp yana ba da kusan kwana biyu a goge wa kowa, amma wanda ya riga ya yi sikirinshot ya yi.

5. Ina nuna wa ɗalibai hoton darasi sai wani hoto na sirri ya bayyana. Laifi ne?

Sakaci ne, girmansa kuma ya danganta da abin da suka gani. Na ga irin wannan da idona. Malamin kimiyya ne, yana bi layi-layi da waya yana nuna zanen zuciyar ɗan Adam, sai wata yarinya ta sa yatsa ta ja hoton gefe don ta ga na gaba, ga hoton iyalinsa cikin shigar ɗaki. Aji ya yi tsit, sannan ƙus-ƙus ya tashi daga baya. Kafin la'asar magana ta kai gidaje, a bakin mutane kuma hoto ɗaya ya zama bidiyo. Abin da ya cece shi bai jira ba. Yana fita daga ajin ya wuce ofis ya faɗi abin da ya faru, ya kuma rubuta. Da iyaye suka zo washegari sun tarar makaranta ta riga su sani. Gargaɗi aka yi masa a rubuce, magana ta mutu.

Da batsa ce ya sauke ya ajiye ta bayyana, da ba a nan za ta tsaya ba, don tambayar za ta tashi daga "don me ka bari suka gani" ta koma "wane irin mutum muka ba 'ya'yanmu". Kwamiti yakan duba ko da gangan ne, ko an taɓa yi, da shekarun yaran, da abin da malamin ya yi bayan faruwar. Ka ware hotunan darasi a folda ta daban, wayar kuma kada ta bar hannunka a aji. Manhajar Files ta Google tana da ma'ajiya mai makulli, kuma kyauta ce.

6. Wani ya buɗe wayata ba izini, ya kwafi abu ya yaɗa. Ni za a hukunta ko shi?

Shi ya yi laifi, wannan ba ja. Dokar Laifukan Intanet ta haramta shiga na'urar wani ba izini don kwasar bayanai, ta kuma ambaci wayar hannu cikin na'urorin da take nufi. Sashenta na 24, wanda aka gyara a 2024, ya shafi tura batsa da barazana. Aya ta 19 a Suratun Nur kuma ta yi kashedi mai tsanani ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai, kuma mai turawa gaba yana cewa "don a yi hattara" shi ma cikin masu yaɗawar yake.

Sai dai laifinsa ba ya wanke abin da aka gani, a nan ne mutane ke ruɗewa. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 14 da 15, ta bar wa alƙali damar karɓar hujjar da aka samo ta bayan gida in ya ga amfaninta ya rinjayi illar yadda aka samo ta. In abin da aka sato ya nuna kana neman ɗaliba, "ai satar shiga aka yi" ba za ta fisshe ka ba. In kuwa halal ɗinka ne, tsakaninka da iyalinka, kai aka zalunta, makarantar da ta hukunta ka a kansa kuma ta bar jaki tana dukan taiki. Ka kai ƙorafi a rubuce, ka nemi a binciki wanda ya fitar.

7. Guruf ya cika mini waya da abubuwan da ban nema ba. Ana kama ni da su?

WhatsApp yana sauke hotuna da kansa in ba ka hana shi ba, su shiga ma'ajiya su gauraya da naka. Ka kashe saukewa ta kai tsaye, data ma za ta yi maka auki. Abin da aka turo maka ba ɗaya yake da abin da ka tura ba, mai bincike mai adalci yana gane bambancin.

Abu ɗaya ne babu sassauci a kansa, hoto ko bidiyon tsiraicin wanda bai kai shekara 18 ba. Sashe na 23 na Dokar Laifukan Intanet ya sa ajiye shi kawai laifi ne da ka iya kai mutum ɗaurin shekara 5 ko tarar da ta kai naira miliyan 10, rarraba shi kuma shekara 10 ko naira miliyan 20. Tarkon da malamai ke faɗawa na kyakkyawar niyya ne. An kama bidiyon wata ɗaliba a wayar wani yaro, sai malami ya tura wa kansa "don hujja", ya tura wa mataimakin shugaba, shi kuma ya tura wa malamin tarbiyya. Kafin a farga malamai huɗu suna yawo da shi a aljihu. Kada a kwafa, kada a tura. A kashe wayar yaron, a sa ta a ambulan a rufe a gaban shaida, a sanar da shugaba da iyaye da hukuma.

8. Sitatus ɗina da shafina na Facebook ba na sirri ba ne?

A'a. Abin da ka ɗora don a gani ka riga ka shelanta shi, ko da mutum talatin ne ke da lambarka. In iyaye da ɗalibai suna cikinsu, sitatus ɗinka allo ne na biyu. Kana iya zaɓar masu gani, amma zaɓin ba ya hana ɗaya daga cikinsu yin sikirinshot, magana kuwa zarar bunu ce. Abubuwan da na ga suna jawo tuhuma su ne habaici ga shugaba ko iyayen wani yaro, ɗora takardar ofis, hoton amsar ɗalibi ana yi masa dariya, da bidiyon TikTok a aji lokacin aiki. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun sa fitar da bayanan ofis ba izini da tsunduma cikin siyasar jam'iyya a jerin manyan laifuka. Koken albashi haƙƙinka ne, amma ya fi ƙarfi da aminci in ya bi ta ƙungiya.

Maganar addini kuwa, mutanen Sakkwato ba sai an yi musu dogon bayani ba. A watan Mayu 2022 saƙon murya ɗaya a guruf ɗin 'yan aji na wata kwaleji a garin nan ya ƙare da rasa rai da dokar hana fita. Malamin da ke riƙe da guruf ɗin aji ya tsayar da shi a kan darasi, ya tsawatar tun magana tana ƙarama.

9. Laifi ne in riƙa hira da ɗalibaina a waya?

Amsa tambayar darasi ba laifi ba ne, sai in makarantarku ta hana. Amma daga nan ne na ga malamai da dama suka fara zamewa, kuma ba dukansu suka fara da mugun nufi ba. "Kin gane aikin gida?" ta koma "Kin ci abinci?", ta koma saƙon sha ɗayan dare, ta koma katin waya. Ranar da wa ko uba ya ɗauki wayar yarinyar, ba wanda zai karanta saƙonnin nan da zuciyar da ka ce ka rubuta su.

Abin da nake faɗa wa matasan malamai shi ne kada ka rubuta wa ɗalibi abin da ba za ka iya karantawa da ƙarfi a zauren mahaifinsa ba. A yi magana a guruf mai malami fiye da ɗaya, ko ta lambar iyaye. Saƙo mai ɓacewa da hoton gani-sau-ɗaya ba su da gurbi tsakanin malami da ɗalibi. "Ai aurenta zan yi" kuma ba amsa ba ce a gaban kwamiti, yarinya amana ce a hannunka, kai ke ba ta maki. Sashe na 23 ɗin nan na Dokar Laifukan Intanet ya haɗa da yaudarar yaro ta waya don lalata da shi, kuma tun 2021 jihar Sakkwato tana da dokar kare yara ta kanta. Hukuncin ɗaya ne ko malamin mace ce, ko ɗalibin namiji ne.

In ɗalibi ne ya fara turo maka abin da bai dace ba, kada ka amsa, ka sanar da shugaba a ranar. In hoton tsiraici ne, ka bi abin da ke amsa ta 7, kada ka tura wa kowa, ko shugaban ne.

10. Hotunan ɗalibai da sakamakonsu da takardun jarrabawa da ke wayata fa?

Waɗannan sirrin wasu ne da aka ba ka ajiya. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ba ta shiga abin da mutum ya ajiye don harkar gidansa ba, amma ta shafi bayanan da makaranta ke tarawa, ta kuma ce inda ake buƙatar izini, na yaro a wurin iyayensa ko mai riƙonsa ake nema. Lambobin iyaye, maki, takardar asibiti, lambar NIN ta masu rajistar jarrabawa, duk suna ciki. In aiki ya ƙare ka miƙa wa ofis ka goge. Hoton ranar saukar karatu ko rabon kyauta ma ka tambaya kafin ka ɗora, akwai gidajen da ba sa son fuskar 'yarsu a intanet ko da ita ta zo ta ɗaya.

Jarrabawa kuwa gajeriyar magana ce. Dokar Maguɗin Jarrabawa ta 1999 ta ambaci malamai da shugabannin makaranta da masu sa ido, akwai kuma ɗauri a cikinta. In kana sa ido a WAEC ko NECO ka bar waya a ofis, guruf ɗin da ake turo amsa da asuba kuma ka fita daga cikinsa.

11. An fara magana a kaina. In goge komai?

Kafin a fara magana, share waya tsafta ce. Bayan an fara, gogewa kama take da ɓoye hujja, kuma sau da yawa ba ta ma aiki, don hirar tana wayar ɗaya ɓangaren, hoton da aka goge yakan zauna a kwandon sharar waya kusan wata guda, ga ajiyar WhatsApp a Google Drive. Wanda aka yi wa ƙage, cikakkiyar hirar ita ce babbar shaidarsa, mai sharri guntu yake yankowa. Na ga malamin da layi ɗaya da aka yanko ya kusa kai shi ƙasa, sai da aka karanta na sama da na ƙasa aka ga ashe cewa yake yarinyar ta daina rubuto masa. Da tsoro ya sa ya goge, da ba shi da bakin magana.

12. An ba ni takardar tuhuma. Me zan yi?

Ka karɓa, ka sa hannu da kwanan wata, ka amsa cikin wa'adin da aka rubuta. Ƙin karɓa ko ƙin amsawa wani laifin ne da ake ɗorawa a kan na farko. Kada ka rubuta cikin fushi, kada kuma ka rubuta "a yi haƙuri, ba zan sake ba" a kan abin da ba ka yi ba don kawai a wuce wurin, takardar nan tana fayil ɗinka har ritaya. Ka tsaya a kan ranar da wurin da yadda abin ya fito da wanda ya gani. Ka nuna wa wakilin ƙungiya kafin ka miƙa, ka ajiye kwafi.

A makarantar gwamnati ba shugaba ke kora ba. Maganar malamin firamare tana bi ta sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ta na sakandare kuma ta hukumar da ta ɗauke shi aiki da ma'aikatar ilimi. Ana iya dakatar da kai kafin a gama bincike, wannan bai nuna an same ka da laifi ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ba ka haƙƙin a ji ta bakinka, ka san zargin, ka ga hujjar, ka kawo taka. Wanda aka kora ba a bi wannan ba yana iya zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a nan Sakkwato.

Za kuma a samu dattawan da za su ce a rufa asiri a sasanta. In sakaci ne irin na amsa ta 5, sulhu alheri ne. In an cutar da yaro, mayar da malamin wata makaranta a ƙauye kai wa wasu yaran cutarwar ne kawai, kuma ni ban taɓa sa hannu a irin wannan ba.

13. Hukumar rajistar malamai ta TRCN tana iya soke rajistata?

Tana iya, in abin ya kai rashin ɗa'a a sana'a ko kotu ta same ka da laifi. Hukumar, wadda Doka ta 31 ta 1993 ta kafa, tana da kwamitin bincike da ke fara duba ƙorafi, sai kwamitin ladabtarwa da ke iya gargaɗi ko cire suna daga rajista. Kora tana raba ka da makaranta ɗaya, cire suna kuwa da sana'ar baki ɗaya. Irin abubuwan amsa ta 7 da ta 9 da maguɗin amsa ta 10 ne ke kai mutum can.

14. Ni malama ce. Wani yana barazanar sakin hotunana, ko ya haɗa na ƙarya. Ya zan yi?

Malama, kada ki biya, kada ki roƙe shi, wanda aka ba sau ɗaya yana dawowa. Ki adana saƙonnin da lambarsa da ranar, ki faɗa wa mutum ɗaya da kika amince da shi a gida, ki kuma sanar da shugabanku kafin mai barazanar ya riga ki. Barazana don tatsar kuɗi ko wani abu laifi ne a sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet, jihar nan kuma ta amince da dokar hana cin zarafin mutane a 2021. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam suna karɓar irin wannan ƙorafi. Wanda ya jefi mace da zina ba shaidu huɗu ƙazafi ya yi, aya ta 4 a Suratun Nur ta yanka masa bulala 80.

Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, hoton biki ɗaya da kika sa a fuskar WhatsApp ya isa a ɗora kanki a jikin da ba naki ba. Shi ya sa sikirinshot da ya bi hannu goma bai zama hujja ba sai an ga asalinsa, sashe na 84 na Dokar Shaida ma ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga na'ura. Abin baƙin cikin, kafin a tantance an riga an gama wa mace shari'a a gidan suna da gidan biki, abin da namiji zai wuce da gargaɗi ita aurenta yake girgizawa. Abokan aikinta ne ya kamata su fara ƙin karɓar hoton. Ke kuma ki taƙaita masu ganin hoton fuskarki ga waɗanda kika ajiye lambarsu, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

15. Ni ne shugaban makaranta, uba ya shigo da sikirinshot yana huci. Ta ina zan fara?

Ka zaunar da shi, ka ba shi ruwa, ka rufe ƙofa. Ka roƙe shi kada ya ƙara tura wa kowa. Ka rubuta abin da ya faɗa, ka tambayi yadda abin ya zo hannunsa da wayar da aka fara gani a ciki. Kada ka titsiye malamin a gaban uban, kada ka faɗa a taron safe, kada ka sa a guruf ɗin malamai. Ka fara da yaron, yana cikin haɗari yau? In haka ne ka raba shi da malamin nan take, ka sanar da na sama da kai a rubuce a ranar, kada ka riƙe maganar da ta fi ƙarfin ofishinka.

In kuwa ka duba ka ga rayuwar malamin ce ta gida, ba ɗalibi a ciki, ba kayan aiki, ba kuma shi ya fitar ba, to aikinka ya koma kare shi. Ka faɗa wa uban haka a fili ko ransa bai so ba, ka nemo wanda ya fitar da hoton, in ɗalibi ne a kira iyayensa. Daga baya ka kira malamin kai da shi, ka ce ya canza makullin wayarsa, ya kuma daina aiken monita wurin mai caji.